Motsi na Tara

'Ya'yana, ku ajiye abin da ke hannunku ku matso. Da masu furfura a cikinku da waɗanda ba su daɗe da ajiye iyali ba, duk da ku nake. Labarin wa da ƙane na kawo muku yau, kuma ba mai daɗi ba ne. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki.

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan shago a ƙarƙashin benen wani kantin magani. Shagon ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu. Gilashi a gaba, agogon bango bakwai a baya, kowanne da lokacin da yake faɗa, sai teburin aiki da ɗan madubin nan da ake maƙalawa a ido. Mai Agogo kowa ke ce masa, har matarsa in ta so tsokana.

Bayan agogo, abu ɗaya ya iya a duniya, wasan ces. Ga wanda bai sani ba, dara ce ta mutum biyu a kan allo mai gidaje sittin da huɗu. Ɗaya ya ɗauki farare, ɗaya baƙaƙe, kuma mai farare ke fara motsi. Kowa na da sarki da sarauniya, dawaki biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu, da sojoji takwas a gaba. Wanda aka ritsa sarkinsa ya rasa gidan gudu, an cinye shi. Iyakar abin da kuke bukata ke nan, kada wani ya ce mini bai gane ba.

Mai Agogo yana da ƙane, autan ɗakinsu, wanda ya girme wa da shekara goma sha huɗu. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe. Mai Agogo ne ya riƙe shi, shi ya sa shi makaranta, kuma a kan teburin shagon nan ya koya masa ces.

Cikin abin da ya koya masa har da wani buɗi, wato tsarin motsin farko da ɗan wasa ke fara wasansa da su. Mai Agogo ya yi shekaru yana sassaƙa shi. Dabarar ita ce mai farare ya miƙa wa abokin wasa soja ɗaya kyauta tun a motsi na uku. Mutum kuwa in an ba shi kyauta sai ya rungume. Yana can yana gadin sojan da ya ci, kai kana fito da dawaki da giwaye, kafin ya farga an kewaye gidansa.

Auta ya ɗauki buɗin nan ya goge shi har ya fi na mai shi ƙyalli. Gaskiya ɗaya ce, ya fi wansa basira, kuma Mai Agogo ne ya fara faɗin haka da bakinsa, yana murna.

Auta ya girma, ya zama malamin lissafi a makarantar sakandare, ya yi aure. A ƙungiyar 'yan ces da ke haɗuwa kowace Asabar a saman benen ɗakin karatu, aka laƙaba masa Farfesa. Buɗin ma aka koma ce masa buɗin Farfesa. Mai Agogo ya ji, bai ce komai ba. Auta ma ya ji, shi ma bai ce komai ba. To shirun nan biyu ba iri ɗaya ba ne.

'Yan ces suna da wani abu da ake kira bita. In an gama wasan gasa, kowa ya sa hannu a takardar da ya rubuta motsinsa, sai wanda ya ci da wanda aka cinye su koma ɗakin gefe. Su sake jera 'ya'yan wasan, su bi shi tun daga motsin farko. Wanda ya ci ya faɗi inda gabansa ya faɗi. Wanda aka cinye ya nuna inda ya kauce. A ƙungiyar nan dokokin bita biyu ne, ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su: ba a ƙarya a teburin bita, kuma ba a korar wanda ya zo kallo. Mai Agogo ne ya dasa su, shekara talatin yana nanatawa har mutane suka gaji da ji.

Farfesa kuwa ya daɗe da daina bita. In ya ci sai ya tashi yana gyara hannun riga, ya ce, "Wa ya taɓa kai lafiyayye asibiti?" A yi dariya. In an cinye shi, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, sai ya ce hayaniyar titi ce ta hana shi tunani.

A shekarar da nake ba ku labari, aka ba ƙungiyar kujera ɗaya a babbar gasar ƙasa da ƙasa. Kujera ɗaya tak, ta wanda ya ci gasar ƙungiya. Farfesa ya shekara goma sha ɗaya yana jiran irin wannan dama, ga shi yana dosar arba'in. Tun ba a fara gasar ba ya yi fasfo, ya nemi hutu a makaranta, ya sa aka ɗinka masa kwat.

Mai Agogo ma burinsa ke nan. Ya shiga gasar ne kawai don ya saba shiga. Shi dai ya ga ranar da Auta zai zauna a gaban manyan duniya.

Aka yi ta bugawa har saura mutum huɗu. Sai ƙuri'a ta haɗa wa da ƙane a wasan kusa da na ƙarshe, Farfesa da farare.

Suka zauna, agogon wasa mai ƙirga wa kowa lokacinsa a tsakaninsu, wanda Mai Agogo ya zuba wa mai da hannunsa a makon. Farfesa ya miƙa sojansa a motsi na uku kamar kullum. Mai Agogo ya ci. Motsi na huɗu, na biyar, har na takwas, hannuwansu na tafiya kamar masu tsinkar ganye, don su biyun sun haddace hanyar.

A motsi na tara Mai Agogo ya kai hannu ya kama dokinsa, kamar yadda kowa ke yi a wurin don kare sojan da aka ci. Yatsunsa na kan dokin idonsa ya sauka tsakiyar allo.

Nan ya ga abin da bai gani ba shekara talatin.

Sarkin farare yana tsaye a tsakiya, ba a shigar da shi lungu ba tukuna, don duk hankalin mai farare yana kan hari. Da mai baƙaƙe zai daina gadin kyautar nan, ya tura sojan tsakiya gaba ya ce ga abinka na mayar maka, da hanya ta buɗe ɗoɗar har kan sarkin. Buɗin gaba ɗaya a kan kwaɗayin abokin wasa yake tsaye. Ranar da aka samu wanda ya mayar da kyautar, ya rushe.

Amma dokar gasa ita ce abin da ka taɓa shi za ka motsa. Alƙalin wasa yana can nesa yana shan ruwa, Farfesa yana kallon taga. Ba wanda ya ga hannun. Mai Agogo ya dubi dokin a tsakanin yatsunsa, sannan ya ɗaga shi ya ajiye inda aka saba.

A motsi na talatin da ɗaya Mai Agogo ya kwantar da sarkinsa, alamar ya miƙa wuya. Ko a jikinsa. Zuciyarsa na kan motsi na tara, don nan take alƙali ya liƙa takarda a bango: wasan ƙarshe Asabar mai zuwa, Farfesa da farare, zai kara da wata ma'aikaciyar asibiti da kowa ke ce wa Nas. Mace ce mai shiru, ba ta fi shekara huɗu a ƙungiyar ba, takan zo wasa wani lokaci da takalmin aiki a ƙafarta. Ba ta da wani buɗi mai suna. Abin da aka san ta da shi, ba ta taɓa tsallake bita ba, nata ko na wani.

Mai Agogo ya sa hannu a takardarsa, ya ce, "Auta, zo mu shiga ciki mu duba wasan nan."

Farfesa ya ɗago. Mutane kusan ashirin na tsaye a kansu.

"A nan ba Auta ba ne," ya ce.

"To Farfesa. Minti goma kawai. Akwai abin da na gani a motsi na tara."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ka gani, ka zauna aka yi maka wanka har motsi talatin da ɗaya?"

"Na riga na taɓa doki."

Farfesa ya yi dariya, ya juya ga mutane. "Kun ji ko? Ya taɓa doki. Duk wanda na cinye a ɗakin nan yana da wani motsi da ya gani a makare. Yaya, ka koma kan agogonka. Can ne in ka juya hannun agogo baya ba mai kama ka."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Mai Agogo ya rage murya. "Buɗin nan ni na koya maka. Na san inda yake yoyo."

Da ya sani da bai faɗi wannan a gaban mutane ba. Fuskar Farfesa ta canja.

"Abin da ka koya mini tura katako ne. Wasa ni na koya wa kaina. Shekara talatin kana ƙungiyar nan, nuna mini kofi ɗaya a shagonka. Ka bar ni in yi abin da ka kasa, kada ka rataya a wuyana."

Ya ɗauki jakarsa ya sauka bene.

Mai Agogo ya miƙe. Ya naɗe takardarsa, ya shiga ɗakin gefe shi kaɗai, ya jera 'ya'yan wasan. Ya bi wasan zuwa motsi na takwas ya tsaya, ya zuba wa allon ido.

"Baba, in zauna?"

Nas ce tsaye, da jakarta a kafaɗa.

Ya san ko wace ce ita, ya san da wa za ta buga ran Asabar. Yana iya share allon da hannu ɗaya ya ce ya gaji. Amma shi ne mutumin da ya shekara talatin yana cewa ba a korar kowa.

"Zauna, 'yata."

Ta zauna ta dubi allon. "Ni ma a nan Farfesa yake kashe ni kullum. Sau uku muna haɗuwa, sau uku ina kawo doki nan, sau uku ina mutuwa. Na duba na duba ban ga inda nake kuskure ba."

"Uhm."

"Na ji ka ce ka ga wani abu. Da gaske ne, ko zafin wasa ne?"

Ga fa tambaya. In ya ce zafin wasa ne, ya yi ƙarya a teburin bita. In ya ce da gaske ne ya yi shiru, ya ɓoye. Akwai hanya ta uku, ya ce mata, 'yata, ƙanena ne, ki yi mini uzuri sai bayan Asabar. Da ta fahimta, don mace ce mai hankali. Hanyar nan ta zo masa a zuciya, kada ku ce ba ta zo ba. Amma maganar kofi na nan tana ci masa ƙirji kamar garwashi.

Ya kai yatsa ɗaya ya tura sojan tsakiya gaba.

Nas ta leƙa allon. Ta matso da kujera. "Amma ai zai ci shi a banza."

"Bar shi ya ci. Nasa ne dama. Sai me?"

Ta bi da ido. Ta ɗaga giwa ta ajiye, ta kawo hasumiya, ta mayar, ta sake. Can ta jingina da kujera.

"Sarkinsa a waje yake," ta ce a hankali.

"A waje yake."

Suka yi awa guda suna juya wurin ta kowace fuska. Duk inda farare suka bi, sai su tarar da ƙofa a rufe. Da za ta tashi ta ce, "Baba, ka san zan buga wannan."

"Na sani."

"Ka gaya masa. Ba na son in ci mutum da abin da aka ɓoye masa."

Ranar Lahadi bai je ba, yana fushi. Ranar Litinin bai je ba, yana jin kunya. Ya ɓata agogon mutane biyu, ya sa wa na wani batirin da ba nasa ba. Ranar Talata da la'asar ya rufe shago, ya ɗauki ƙaramin allonsa mai naɗewa, ya rubuta motsin a 'yar takarda ya ninke, ya nufi gidan ƙanensa.

Matar Auta ta buɗe masa. "Sannu da zuwa, Yaya. Ka ɓuya. Shigo, yana falo yana gwada kwat."

Kwat ɗin kuwa na jikinsa, yana tsaye gaban madubi. Ya ga wansa ta cikin madubin, bai juyo ba.

"Auta, na zo da magana, kuma ba za ta yi maka daɗi ba. Ramin da na ce na gani, na nuna wa Nas."

Sai a lokacin ya juyo. "Ka yi me?"

"Ta same ni a teburin bita ta tambaya, na nuna mata. Za ta buga shi ran Asabar, ita ta ce in gaya maka. Kana da kwana huɗu. Zauna in nuna maka, ko mu toshe shi, ko ka canja buɗi."

Ya fara buɗe allon a kan tebur. Farfesa ya dafe shi da tafin hannu.

Ya dubi wansa. Sannan ya yi wani murmushi mara daɗi.

"Na gane. Wallahi kun iya. Ba ta da abin da za ta tare buɗina da shi, sai a aiko tsoho ya tsorata ni in ajiye makamina, in je in buga abin da ban saba ba, ta same ni a fili. Ita ta tsara maka, ko kai ka tsara mata?"

"Ni zan haɗa kai da wata a kanka?"

"Yanzu da bakinka ka ce ka yi."

Matar ta ce daga bakin ƙofa, "Baban yara, ka duba mana. Minti biyar ne. In ba komai ai ba ka yi asara ba."

"Ke kuma da me kika sani a ciki? Shiga ciki."

"Ban san ces ba, amma na san Yaya. Bai taɓa rufe shago da rana ba sai ran da na haihu."

"Na ce ki shiga ciki."

Mai Agogo ya ce, "Kai malamin lissafi ne. Ba na ce ka yarda da ni ba. Motsi ɗaya ne, ka duba da idonka bayan na tafi, ba sai na sani ba." Ya ajiye 'yar takardar a kan tebur.

"Ɗauki abinka."

Bai ɗauka ba. Ya naɗe allonsa ya fita. Daga baya matar ta gaya masa cewa ta sa takardar a aljihun rigar makarantar mijinta. Da mijin ya laluba ya ji ta, ya jefa a kwandon shara a ninke yadda take.

Ku lura da kyau, 'ya'yana. Ba wai ya tabbata babu ramin ba ne. Mai tabbaci ai buɗe takarda zai yi ya yi dariya. Abin da ya kasa shi ne ya buɗe ya tarar da gaskiya da rubutun wansa. Ya gwammace ya shiga wasan ransa da ido a rufe da a ce har yanzu akwai abin da mai gyaran agogo zai koya masa.

Ran Asabar ɗakin ya cika har bakin matakala. Mai Agogo ya saita agogon wasan kamar yadda ya saba, ya koma can baya kusa da taga ya tsaya. Yana addu'a ɗaya, Allah ya sa Auta ya fara da wani sojan daban.

Farfesa ya shigo da kwat. Ya zauna, ya danna agogo, ya fara da sojan da ya saba. A motsi na uku ya miƙa kyautarsa, har yana ɗaga ido ya nemo wansa a cikin mutane don ya tabbata yana gani.

Nas ta ci sojan. Suka tafi har motsi na takwas.

A na tara ta tsaya. Ta haɗa hannuwanta a cinya don kada ta taɓa komai, ta yi minti ashirin tana kallon allo. Ba ta ɗauki maganar kowa a kan amana ba, sai da ta sake bin lissafin da kanta. Sannan ta tura sojan tsakiya.

Farfesa ya ɗaga gira, ya cinye sojan nan take, ya danna agogo da ƙarfi. Ko minti ɗaya bai yi tunani ba.

Ta fito da giwa. Ya kare. Ta kawo hasumiya ta tsaya a hanyar da ta buɗe, tana kallon sarkinsa kai tsaye. A motsi na goma sha uku ya kai hannu zai shigar da sarkin lungu, ya ga giwarta ta tsare hanyar. Ya janye hannun. Ya cire kwat ɗin ya rataya a bayan kujera.

Daga nan sai kare kai. Ya yi wasa mai kyau, a ba shi haƙƙinsa, wani da tuni ya faɗi. Ya ba da doki don ya sayi numfashi, ya ba da hasumiya. Dawakin da ya fito da su don hari suna can gefe ba su da amfani. Mai Agogo na tsaye yana ganin kowane motsi kafin a yi shi, don shi da ita sun bi hanyar nan duka a ɗakin gefe. Bai taɓa sanin sanin abu yana da ciwo haka ba.

A motsi na ashirin da shida Farfesa ya kwantar da sarkinsa.

Ba wanda ya tafa. Suka sa hannu a takardu. Nas ta ce, "Malam, ka yi wasa sosai. Mu shiga ciki mu yi bita?"

"Ke ai kin yi bitarki tun makon jiya."

Ya miƙe, mutane suka dare masa, ya tafi har gaban wansa.

"Hankalinka ya kwanta? Shekara goma sha ɗaya nake jiran ranar nan, ka ɗauka ka miƙa wa bare saboda na faɗa maka magana ɗaya."

"Na zo har gidanka, Auta."

"Bayan ka gama yanka ni ka zo da magani. Daga yau ka nemi wani ƙanen."

Ya sauka ya bar kwat ɗin a kujera. Mai Agogo ne ya ɗauka ya kai wa matar washegari, a bakin ƙofa, ba a ce ya shiga ba.

Nas ta tafi gasar. Ba ta ci kofi ba, ta zo a tsakiyar jeri, ta dawo da takardun wasanninta tara, ta baje su a ɗakin gefe kowa ya koya. Har da waɗanda aka yi mata kaca-kaca.

Farfesa bai sake taka benen ba. Yanzu a waya yake bugawa da mutanen da bai san fuskarsu ba, inda in an gama wasa sai ka danna ka nemi wani, ba mai ce maka zo mu duba. In hanya ta biyo da shi ta gaban kantin maganin, tsallaka titi yake yi. 'Ya'yansa da suka saba zuwa shagon an hana su. Shekara biyu ke nan.

Mahaifiyarsu, Inna, tana nan da ranta, ta haura tamanin. Sun raba ranakun gaishe ta don kada su haɗu, babba Laraba, Auta Lahadi. Ta yi wa Auta faɗa har muryarta ta dishe, ya ce ta yi haƙuri, ya sunkuyar da kai, bai canja ba.

Wata Laraba Mai Agogo na zaune a ƙasa kusa da gadonta yana yanke mata farce, yana sake ba ta labarin yadda aka yi. Ya faɗi dokar bita, ya faɗi zuwansa gidan, ya faɗi takardar da aka jefar. Ta bar shi ya gama.

"Duk na ji wannan, Babba, sau nawa. Ƙanenka ya yi rashin kunya, kuma girman kansa ne ya kayar da shi, ba kai ba. Wannan na gaya masa. Yanzu kai zan tambaya abu ɗaya, kuma ka ce ba a ƙarya a teburinku, to nan ma ba a yi."

"Ina ji, Inna."

"Da bai ci maka mutunci a gaban mutane ba ranar nan, da ka nuna wa yarinyar?"

Ya tsaya da abin yankan a hannu. Ya buɗe baki zai kawo maganar doka, ya ga idonta a kansa, ya rufe.

"Ban sani ba, Inna."

"Ka sani," ta ce. Ta miƙa masa ɗayan hannun. "Gama mini."

Darasi: Wanda ya ƙi a duba masa aikinsa ranar da ya yi nasara, za a duba masa shi a bainar jama'a ranar da ba gyara. Nasara ba ta nufin ba ka da rami, tana nufin ba a samu wanda ya taka shi ba tukuna. In wanda ya rene ka ya ce zo ka ga wani abu, ka zauna ka gani ko da kana ganin ka wuce shi, minti biyar ba sa rage wa kowa tsawo. Kai kuma mai gaskiya, ka duba zuciyarka kafin ka faɗe ta, don gaskiyar da aka faɗa da fushi tana yanka har mai faɗar. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman waɗanda suka daina gaisawa. Sannan ku zauna ku raba mini gardamar nan, kada ku yi mini kwana-kwana: tsakanin Babba da Auta, wa ya kamata ya fara taka ƙofar wani, tun tsohuwar nan tana da ran da za ta gan su a ɗaki ɗaya?